An Yi Doka, An Ware Kuɗi, Amma Wa Ke Riƙe da Mara Lafiya?

Tun da aka fara maganar gyaran harkar lafiya a Najeriya, abu uku ake ta juyawa: doka, kuɗi da gini. Dokar lafiya ta ƙasa tana nan tun 2014. An kafa asusun kula da lafiya a matakin farko. A 2022 an mayar da inshorar lafiya wajibi. Kowane gwamna kuma yana da hotunan asibitocin da ya yi wa fenti. Ni likitan iyali ne, ina aiki a babban asibitin wata ƙaramar hukuma a Arewa maso Yamma, kuma tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ban cika jin ta a wuraren taro ba: idan mara lafiya ya fita daga ƙofar asibiti, a wuyan wa yake? Idan bai dawo ba, wa zai lura?

Kwanakin baya jikan wata dattijuwa ya kawo ta a kan babur, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, ina magungunan da kike sha?" Ta ciro baƙar leda daga cikin hijabi ta juye mini a kan tebur. Akwai lisinopril na hawan jini kwali biyu, kowanne da sunan kamfaninsa, ɗaya daga asibitin birni, ɗaya daga wani asibitin kuɗi, kuma duka biyun take sha domin a ganinta magani biyu ne daban. Akwai metformin na ciwon suga. Akwai diclofenac da mai kemis ya ba ta saboda ciwon gwiwa, wanda ta mayar kamar goro, safe da yamma. Ga ƙullin garin magani na gida, ga katin asibiti har uku. Na ce, "Inna, wa ya ce ki haɗa duk waɗannan?" Ta dube ni ta ce, "To ai kowanne likita ne ya rubuta, ɗan nan. Ni na isa in ƙi?"

Gaskiyarta. Kuma babu likitan da ya yi ganganci a cikinsu, kowa ya rubuta abin da ya dace da ciwon da aka kawo masa ran nan. Sai dai babu wanda ya taɓa ganin ledar gaba ɗayanta, ga shi gwajin jini ya nuna ƙodarta ta fara gajiya. Aikin da aka horar da ni a kai ke nan: in ga ledar duka, in san cewa jikan nan ne ke sayen maganin daga abin da ya samu a acaɓa, in rage magungunan zuwa abin da aljihunsa zai ɗauka, in kuma sa mata ranar dawowa wadda ni ɗin za ta tarar.

Mutane da yawa sun ɗauka likitan iyali shi ne likitan da bai ƙware a komai ba. Ba haka ba ne. Bayan shekara shida ta jami'a, da shekarar koyon aiki, da bautar ƙasa, sai ka ƙara wasu shekaru kana zagaya sashen yara, sashen haihuwa, tiyata, ciwon manya da lafiyar ƙwaƙwalwa, sannan ka zauna jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Horon ya fara a farkon shekarun 1980, kuma asibitocin mishan ne suka ɗauki nauyinsa da farko, irin su Evangel na Jos da asibitin Baptist na Ogbomoso. Dalilin a fili yake. A irin waɗannan wurare likita ɗaya ne zai duba yaro mai zazzaɓi da safe, ya yi wa mai naƙuda aiki da azahar, ya ɗaure karaya da daddare. An so a samar da likitan da zai iya riƙe asibitin karkara shi kaɗai ba tare da ya tura kowa birni ba.

To yau ina waɗannan likitocin suke? Mafi yawansu suna manyan asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya, a sashen da ake fara ganin masu zuwa daga gida. Can ɗin layi ne daga asuba, kuma aikin yakan koma irin na ɗan kamasho a tasha: kai hau motar zuciya, ke hau ta ƙashi, kai kuma ta ido. Wanda ka gani yau da wuya ka sake ganinsa. Mutumin da aka horar don ya san iyali tun daga kaka har jika ya koma mai rubuta takardar turawa.

Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, tsarin ne a rarrabe. Asibitocin koyarwa da dama na gwamnatin tarayya ne, manyan asibitoci na jiha, ƙananan asibitocin mazaɓu kuma a al'adance na ƙananan hukumomi. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dasa kula da lafiya a matakin farko bisa ruhin sanarwar da ƙasashen duniya suka fitar kan wannan batu a birnin Alma-Ata a 1978, ya gina shi a kan ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda muke kira CHEW. A lokacin dabara ce mai kyau, domin likitoci ba su da yawa. Amma an bar matakin nan babu likitan da ke da alhakinsa kai tsaye. A 2011 aka amince da manufar tattara harkar a ƙarƙashin inuwa ɗaya, jihohi suka kafa hukumomin lafiya a matakin farko. An samu sauƙi wajen albashi da rigakafi. Sai dai har gobe ƙaramin asibitin mazaɓa yana ƙarƙashin wata hukuma, babban asibitin da yake tura wa marasa lafiya yana ƙarƙashin wata, kuma sau da yawa ba su san lambar wayar juna ba.

Dubi yadda dokar 2014 ta raba kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda aka ce kada ya gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Kashi 50 na inshora ne, kashi 20 na magani da rigakafi, kashi 15 na gini da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, wajen naira biliyan 55. Ban raina ba. Na ga ƙananan asibitocin da a da ko auduga babu, yanzu suna da abin awon jini da maganin zazzaɓi. A 2023 gwamnatin tarayya, ta bakin ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, ta ce za ta ninka cibiyoyin da ke cin gajiyar asusun daga kimanin 8,800 zuwa sama da 17,000. Madalla. Amma duk lissafin na cibiyoyi ne. Ban ga layin da ya ce ga likitan da zai amsa tambaya idan masu hawan jini a mazaɓa kaza suka daina zuwa karɓar magani ba.

Idan aka kawo maganar likitan iyali, wasu abokan aikina sukan yi tsalle su kawo Ingila, inda tun 1948 kowa ke da rajista a wurin likitan unguwarsu, kuma ba ka ganin ƙwararre sai ta hannunsa. Mu daina yaudarar kanmu. Ministan da kansa ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan, waɗanda suka rage kuma sun taru a Legas da Abuja da manyan birane. Cikin waɗanda muka yi horo tare, wasu suna Saudiyya, wasu suna Ingilar suna yi wa Turawa aikin da muka kasa ba su dama su yi a gida. Likita ɗaya ga kowace unguwa ba namu ba ne a yanzu.

Brazil ta fi kama da abin da za mu iya ɗauka. Daga 1994 suka fara kafa ƙungiyoyin lafiyar iyali: likita, malamar jinya, mataimakiyarta, da ma'aikatan unguwa 'yan ƙalilan da ke shiga gida-gida. Kowace ƙungiya an yanka mata yankinta mai mutum dubu uku zuwa huɗu, da sunayensu a rubuce. Abin koyi a nan ba yawan likitocin ba ne, yankan yankin ne. Mutum ba ya jiran ciwo ya kayar da shi kafin a san da shi. Afirka ta Kudu kuma, bayan ta amince da fannin a matsayin ƙwarewa a 2007, ta nufi ajiye likitocin iyali a asibitocin gunduma, su yi aiki su kuma kula da ingancin abin da ƙananan asibitoci ke yi.

Abin da nake nema bai kai na Brazil tsada ba. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, 186 daga ciki a jihohi bakwai na Arewa maso Yamma. A ajiye ƙwararren likitan iyali aƙalla ɗaya a babban asibitin kowace, a kuma rubuta a takardar aikinsa cewa ƙananan asibitocin mazaɓun yankin suna wuyansa ta fuskar jinya. Ya riƙa zagaya su a kan jadawali, ya zauna da CHEW su duba marasa lafiya tare, ya buɗe rajistar masu hawan jini da masu suga da masu cikin da ke da haɗari, lambarsa ta kasance a bangon kowane ɗakin haihuwa. Idan mace ta rasu wajen haihuwa a yankin, shi zai tara mutane a bi diddigin inda aka yi jinkiri.

Na san za a ce ma'aikatan matakin farko ba za su so likita ya hau kansu ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma mu likitoci muna da hannu. Wasunmu idan aka turo mara lafiya daga ƙauye, abin da ke fara fita daga bakinsu a gaban dangi shi ne, "Wa ya riƙe ta har yanzu?" Wanda aka kunyata haka sau ɗaya, gobe ba zai turo da wuri ba. Akwai wata ma'aikaciya a wani ƙauye da ba zan manta da takardarta ba. A fallen littafin makaranta ta rubuta: ciki na fari, wata tara, jini 170 bisa 110, ciwon kai, ta yi jijjiga sau ɗaya a gida, na yi mata allurar magnesium sulphate ta hana jijjiga ƙarfe kaza. Ta kuma bi su a motar haya tana riƙe da ledar ƙarin ruwa. Manufar gwamnati ta 2014 ta raba aiki tsakanin likitoci da sauran ma'aikatan lafiya ce ta ba irinta damar yin wannan allurar, kuma ita ta ceci yarinyar, mu ƙarasawa kawai muka yi. Da muka sallame ta na rubuta amsa a bayan takardar: ga abin da muka yi, ga maganin da za ta ci gaba da sha, a auna jininta duk mako. Daga baya ma'aikaciyar ta kira ni ta ce, "Likita, tunda na fara aiki ba a taɓa maido mini da amsa ba." Ba biro ne ya yi tsada ba. Babu wanda aka ɗora wa wannan a matsayin aikinsa.

Sai batun inshora. Tsarin da ake bi tun zamanin NHIS, tsohuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, shi ne a biya asibiti wani abu a kan kowane mai rajista duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. Shekaru da dama kuɗin yana naira 750, kafin a ƙara a baya-bayan nan. Hikimar ita ce asibitin ya ga ribarsa a lafiyar mutanensa, ya neme su tun kafin ciwo ya yi nisa. Amma idan kuɗin bai kai na maganin hawan jini na wata ɗaya ba, sai hikimar ta juye: asibiti ya fi son kada ka zo, in ka zo a ce maganin ya ƙare, je ka saya a waje. Hukumomin inshorar lafiya na jihohi irin su KSCHMA ta Kano da KADCHMA ta Kaduna sun shigar da ma'aikatan gwamnati da wasu masu ƙaramin ƙarfi, wannan ci gaba ne. Da ni za a tambaya, sai in ce rajistar ta zo da sunan ƙungiyar da ke da alhakin mutum, a kuma ware wani kaso na biyan a kan abin da za a iya aunawa, misali masu hawan jini nawa ne jininsu ya sauka, masu ciki nawa suka kammala awo. Har yanzu sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita, shi ya sa mai kemis ya zama likitan iyalin talaka. Shi ne a kusa, ya san sunan kowa, yana kuma ba da bashi.

Abin da ya rage shi ne abin da kwamishinoni ba su son ji. Likita ba zai zauna a ƙaramar hukuma don an yi masa wa'azin kishin ƙasa ba. Yana son gida mai ruwa da wuta, makarantar da zai sa 'ya'yansa, da tabbacin ba za a ɗauke shi a hanyar zagaye ba, wanda a wasu yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato ba ƙaramar magana ba ce. Yana kuma son matakin albashinsa ya yi daidai da na takwaransa da ke asibitin koyarwa. A yau wanda ya gama horo ya zauna aikin jiha yakan ga abokinsa na tarayya ya fi shi albashi nesa ba kusa ba, ga wancan yana da ɗalibai da ɗakin gwaji, shi kuwa yana fama da janareta. Jihar da ke son gwadawa ba sai ta jira Abuja ba. Ta zaɓi ƙananan hukumomi biyar, ta daidaita albashin, ta ba da mota da mai, ta sa hukumar manyan asibitoci da ta matakin farko su sa hannu a takarda ɗaya, sannan bayan shekara biyu a buɗe rajistocin a ƙirga.