Yadda na koyar da bambancin halittu a Maraɗi da ƙadangarun tsibiran Karibiyan

Ina koyar da ilmin rai da ƙasa a wani lise na cikin garin Maraɗi, kuma a manhajar ajin ƙarshe akwai babin da ke bayani kan yadda nau'o'in halittu suke rarrabuwa har su yawaita. Misalin da aka saba bayarwa shi ne tsuntsayen tsibiran Galapagos, waɗanda ɗalibai ke haddacewa domin jarrabawa ba tare da sun taɓa ganin ko mai kama da su ba. A bana na gina babin a kan ƙadangarun ƙasa masu wutsiyar bulala da ke zaune a tsibiran tekun Karibiyan, domin ƙadangare dabba ce da kowane yaro ya tashi yana gani a jikin katangar gidansu, kuma abin da mutum ya sani da idonsa ya fi saurin ɗaukar ƙarin bayani.

Waɗannan ƙadangaru suna cikin dangin da masana ke kira Teiidae, wanda babu shi a ko'ina sai nahiyar Amurka da tsibiranta. Jikinsu siriri ne, bakinsu mai tsini, harshensu a rabe yake gida biyu, wutsiyar kuwa takan kai ninki biyu na tsawon jiki. Ba sa hawan itace sai da larura, kuma ba sa zaman jiran abinci: yini suke yi suna yawo a ƙasa, suna tona busassun ganye da yashi, suna fitar da harshe domin sansano ƙwari. Irin wannan zirga-zirga tana buƙatar jiki mai zafi, shi ya sa zafin jikinsu a lokacin kiwo yakan kusanci digiri 40, kuma ba sa fitowa daga rami sai rana ta ɗaga.

Tun da ba mu da su a Afirka, na fara neman abin da ya fi kusa da su a ɗabi'a a wajenmu. Na fita da ɗalibai bakin Gulbin Maraɗi a watan Oktoba, da gangan, tun kafin mu iso babin a aji, saboda idan sanyin hunturu ya shigo ƙadangaru sukan rage fitowa. Aikin da na ba su ba shi da wuya: kowane mutum biyu su zaɓi ƙadangare ɗaya, su bi shi da ido na minti goma, ɗaya yana duba agogon waya, ɗaya yana rubuta duk lokacin da ya tashi daga wuri da tsawon lokacin da ya yi yana tafiya. Waɗanda suka zaɓi jangwada sun fi kowa hutawa, domin yana kan kututture ko tsohon bango yana gyaɗa kai, sai ƙwaro ya gifta ya diro ya cafke ya koma mazauninsa. Waɗanda suka bi wani siririn ƙadangare mai doguwar wutsiya a gindin shingen garake kuwa sun sha wahala, domin bai tsaya wuri ɗaya ba, daga wannan tarin ganye sai wancan. Wani abokin aiki da ya yi karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya duba hotunan da muka ɗauka, ya ce Latastia longicaudata ne, daga dangin Lacertidae, wanda ake samu a faɗin yankin Sahel. Wannan dangi da na Amurka ba ɗaya ba ne, amma irin rayuwar da suke yi ta sa siffarsu ta zo kusan ɗaya, kuma daga wannan rana duk lokacin da na ambaci ƙadangaren Karibiyan, ɗalibai suna da abin da za su hango a zuciyarsu.

Fitar ta koya mana wasu abubuwa na aiki da ya kamata duk malamin da zai gwada ya sani. Da hantsi ake zuwa, domin da sassafe ba a ganin komai, da tsakar rana kuma sun shige inuwa. Nesa kaɗan ake tsayawa, kuma ba a barin inuwar mutum ta faɗa kan dabbar, in ba haka ba gudun tsira za a rubuta, ba kiwo ba. Na hana kamawa gaba ɗaya, domin da an taɓa wutsiyar sai ta gutsure, kuma sake fitar da wata yana cin ƙarfin dabbar. Sannan a nemi izinin masu garka tukuna. Wani dattijo da muka gaisa da shi, da na ce masa, "Baba, ƙadangaru muka zo kallo a bakin shingenka," ya yi dariya, sannan shi da kansa ya nuna mana gefen da suka fi fitowa.

Babban aikin a aji muka yi shi, kuma a nan ne na fi ƙaruwa. Mun zana taswirar Karibiyan a kan babban kwali, na rubuta sunan kowane nau'i a kan ƴar takarda, ɗalibai suka riƙa liƙa kowace a kan tsibirinta. Yawancin ƙadangarun ƙasa na waɗannan tsibirai suna cikin rukunin Pholidoscelis, mai nau'o'i wajen ashirin. Kafin 2016 a cikin rukunin Ameiva ake lissafa su, kamar yadda a 2002 aka ware yawancin masu wutsiyar bulala na Amurka ta Arewa daga Cnemidophorus aka mayar da su Aspidoscelis; saboda haka mai bincike a intanet sai ya nemi kowane nau'i da tsohon suna da sabo, in ba haka ba zai lissafa dabba ɗaya sau biyu, ko kuma rabin bayanin ya wuce shi.

Abin da ya fara fitowa a kwalin shi ne tasirin girman tsibiri. Hispaniyola, wadda Haiti da Jamhuriyar Dominikan suka raba, ta ɗauki takardu fiye da ɗaya, cikinsu akwai P. chrysolaemus (P. taƙaicen Pholidoscelis ne) da P. taeniurus da P. lineolatus, kowane da irin wurin da ya fi so. Puerto Rico tana da P. exsul da ke ko'ina, da P. wetmorei da ke busasshen yankin kudu maso yamma. Ƙananan tsibiran gabas kuwa kusan kowanne takarda ɗaya ya samu. Wannan ya dace da abin da Philip Darlington ya lura da shi a 1957 game da dabbobi masu jan ciki da kwaɗi na wannan yanki, cewa idan faɗin tsibiri ya ninka sau goma, yawan nau'o'insa yakan ninka kamar sau biyu. Kyuba ta ɗan rikita lissafin, domin duk girmanta P. auberi ne ya mamaye ta, sai dai ya rarrabu zuwa ƙananan rassa masu yawa a cikinta da tsibiran Bahamas.

Girma kaɗai bai amsa tambayar da ta fi damun ɗalibai ba, wato me ya sa wasu tsibirai suke tarayya a nau'i ɗaya, wasu kuma da ke kusa da su suke da nasu na kansu. Anguilla da Saint Martin da Saint Barthélemy duk P. plei gare su. Antigua da Barbuda suna tarayya a P. griswoldi, amma Redonda, wani dutse a tsakiyar teku da ke ƙarƙashin tutar ƙasar Antigua da Barbuda, yana da P. atratus wanda babu shi a ko'ina a duniya sai can. Yawancin tsibiran Virgin suna da P. exsul irin na Puerto Rico, amma Saint Croix tana da P. polops ita kaɗai. Amsar ba ta fito ba sai da muka kawo taswirar zurfin teku muka shafa wa duk wurin da bai kai zurfin mita 120 ba launi ɗaya. Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta riƙe ruwa mai yawa a doron ƙasa, teku ya sauka da kusan wannan adadi, kuma tsibiran da ke kan tudu ɗaya a ƙarƙashin ruwa sun haɗe sun zama ƙasa guda, ƙadangaru suna ratsawa suna haihuwa da juna. Redonda da Saint Croix da Sombrero ruwa mai zurfi ne ya kewaye su, ba su haɗe da maƙwabtansu ba ko a wancan lokaci. Da launin ya bushe, sai takardun suka faɗa daidai kan tuddan, kusan kowane tudu da nau'insa. A ganina wannan taswira ta biyu ita ce zuciyar babin, kuma da a ce lokaci ɗaya tak nake da shi, ita zan koyar in bar sauran.

Wata ɗaliba ce ta gano inda ƙa'idar ta karye. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai Little Scrub yana cikin launin Anguilla, ga shi kuma da takardarsa daban." Gaskiyarta ce: wannan ɗan tsibiri yana kan tudun Anguilla, amma yana da P. corax, baƙin ƙadangare na kansa. Abin sha'awa shi ne na Redonda da na Sombrero, wato P. corvinus, su ma baƙaƙe ne, kuma duk wuraren uku duwatsu ne masu ƙarancin tsiro inda tsuntsayen teku ke sheƙa. Na bar tambayar a buɗe suka yi muhawara, kuma abin da suka fitar ya yi ma'ana, cewa rabuwa da ƴan'uwa tana buɗe ƙofar bambanci, amma tsananin wurin zama shi ma yana da hannu wajen tura halitta zuwa wata siffa. Na taɓo musu kaɗan daga tsibiran kudu, inda rukunin Cnemidophorus yake, kamar C. arubensis na Aruba da ke cin furanni da ƴaƴan itace sosai, da kuma Aspidoscelis cozumela na tsibirin Cozumel a Meksiko, wanda duk mata ne kuma ƙwansu yana ƙyanƙyashewa ba tare da namiji ba. Wannan na ƙarshe ya ja surutu fiye da komai, amma ban daɗe a kansa ba domin na wani babi ne.

Kaɗaicin da ya samar da waɗannan nau'o'i shi ne kuma rauninsu, kuma tarihin tunku ya nuna haka ƙarara. A 1872 aka kai tunkun Indiya guda tara Jamaika domin su kashe ɓerayen gonakin rake, daga nan aka yi ta raba zuriyarsu zuwa wasu tsibirai, har Saint Croix a 1884. Ɓera da dare yake fita, kuma yana hawan itace; tunku da rana yake farauta, a ƙasa, daidai lokacin da ƙadangarun ke kiwo. Ganin ƙarshe da aka yi wa P. polops a babban tsibirin Saint Croix a 1968 ne, ya tsira ne kawai a ƴan tsibiran Green Cay da Protestant Cay da tunku bai kai ba. Dominika (wani ƙaramin tsibiri a gabas, ba Jamhuriyar Dominikan ba), wadda ba a kai mata tunku ba, har yau tana cike da nata ƙadangaren, P. fuscatus. Wani kuma bai tsira ba sam: P. cineraceus na Guadeloupe ya rage a wani ɗan tsibiri guda, sai guguwar 1928 ta bi ta kansa, ba a sake ganinsa ba.

Ban so ɗalibai su tashi da labarin asara kaɗai ba, domin akwai ayyukan ceto da suka yi nasara, kuma hanyarsu iri ɗaya ce: a kawar da baƙin dabbobi, a kuma raba ƙadangarun wuri fiye da ɗaya. Cnemidophorus vanzoi na Saint Lucia, wanda masana ba su san da shi ba sai 1958, ya rage a tsibiran Maria guda biyu, babban cikinsu hekta goma ne kacal. A 1995, bayan an kashe ɓerayen tsibirin Praslin, aka kai guda 42 can suka hayayyafa. A 2008 aka kai P. polops guda 57 tsibirin Buck da ke kusa da Saint Croix. A Redonda an kashe ɓeraye kusan 6,000, aka kwashe awaki da jirgi mai saukar ungulu tsakanin 2016 da 2017, sai tsiro ya dawo, yawan ƙadangarun ya ninka sau da dama. Na Sombrero ba su kai 100 ba a 2018, amma bayan an kawar da ɓeraye a 2021 lissafi ya haura 1,600.

Tun da yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganin teku ba, na kawo musu dajin Baban Rafi da ke kudu da mu, wanda gonakin hatsi suka kewaye, a matsayin tsibiri a cikin tekun noma: dabbar da ba ta iya rayuwa sai a cikin kurmi, gona a gare ta kamar ruwa take. Kwatancen ya yi aiki wajen fahimtar raunin ƙaramin wuri, amma na ja musu kunne kada su kai shi inda bai kai ba. Gonakin da suka kewaye dajin na shekaru kaɗan ne idan aka gwada da dubban ɗaruruwan shekarun da ruwa mai zurfi ya yi yana raba tsibiran Karibiyan, kuma ƙadangaru da yawa suna ratsa gona lafiya ƙalau ta bin shinge da gindin itatuwa. Dajin da aka datse zai iya rasa nau'o'in da yake da su cikin rayuwar mutum ɗaya, amma ba zai haifar da sabon nau'i a wannan tsawon lokaci ba, kuma a kan wannan bambanci na gina tambayar da na ba su a gwajin ƙarshen babin.