Abin da garin Kabwe ya koya mini game da gubar dalma

A karatun da na yi na lafiyar muhalli, babu garin da ya tsaya mini a rai kamar Kabwe, hedikwatar Lardin Tsakiya a ƙasar Zambiya, wanda ke kan hanyar jirgin ƙasa tsakanin Lusaka da yankin tagulla na arewa. A 1902 Turawa suka gano dalma da tutiya a wurin, suka raɗa masa suna Broken Hill, aka kuma shafe kusan shekara 90 ana haƙowa ana narkarwa kafin a rufe mahaƙar a 1994.

Babban abin da na fahimta shi ne, rufe mahaƙa ba ya kawo ƙarshen cutar da ta haifar. Dalma ba ta ruɓewa. Wadda hayaƙin narkarwa ya zubar a unguwanni irin su Kasanda da Makululu da Chowa tana nan cikin ƙasar tsakar gida, kuma tulin dattin da aka bari a gefen gari yana ƙara turo ƙura duk lokacin rani. Ƙananan yara ne suka fi shan wahala, domin su ne ke rarrafe suna kai hannu baki, jikinsu kuma ya fi na manya zuƙar gubar, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa tun kafin iyaye su ga wata alama.

A nan ne na gane dalilin da ya sa likitoci ke dagewa sai an gyara ƙasa tukuna. Ba wa yaro maganin cire dalma daga jini, sannan a mayar da shi gidan da ya kwaso ta, zuba ruwa ne a kwando. Mun ga haka a Zamfara, inda gubar ta kashe yara sama da 400 a 2010, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta jira aka kankare ƙasar Bagega a 2013 kafin ta soma jinya a can. Sai dai Bagega ƙauye ne, Kabwe kuwa birni ne mai mutane fiye da 200,000.

Abin da ya fi damuna shi ne matasan da ke tonon tulin nan suna neman ragowar ma'adinin da za su sayar. Da yawansu sun san haɗarin, amma tun da mahaƙar ta rufe aikin yi ya yi ƙaranci a garin, saboda haka ban ga yadda gargaɗi kaɗai zai sauko da su daga kansa ba matuƙar ba a samar musu da wata sana'ar ba.