Ajin Kiɗan Da Kowane Ɗalibi Ke Zama Malami

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina gaishe ku daga nan Turai, inda nake taimaka wa wata malama a ajin kiɗa na ɗaliban da suka zo daga ƙasashe daban-daban. Akasarinsu ba kiɗa ya kawo su jami'a ba. Akwai masu karatun injiniya, akwai na likitanci. Ana raba su rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, kowane rukuni ya haɗa waƙa ɗaya ya gabatar a ƙarshen zango.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ake ɗauka ya iya. Da an zauna, sai idanu su koma kan mai karanta rubutun kiɗa na layi biyar, sauran kuwa su yi gum, ko da sun tashi cikin waƙa tun suna goye. Wannan asara ce babba. Rubutun nan hanya ɗaya ce kawai. Asalinsa yana komawa ga Guido na Arezzo, wani malamin coci a Italiya a ƙarni na 11, wanda daga wurinsa aka gaji sunayen sautuka: re, mi, fa, sol, la. 'Yar Indiya tana da nata: sa, re, ga, ma, pa, dha, ni. Ɗan ƙasar Sin kuma da lambobi ya saba rubuta sauti, daga 1 zuwa 7.

Shi ya sa a makonnin farko ba ma raba takarda. Kowa zai koya wa 'yan rukuninsa baiti ɗaya daga waƙoƙin ƙasarsu, baki da baki, yana bayarwa suna amsawa. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. Carl Orff na Jamus ya gina koyarwarsa kan magana da tafi da motsin jiki, Zoltán Kodály na Hungari kuma ya dage a fara da murya da waƙoƙin gargajiya kafin a taɓa kayan kiɗa.

Na ga wata 'yar Turkiyya tana koyar da kiɗa mai bugu tara: biyu, biyu, biyu, uku. Gwanin fiyanon rukuninta sai ya riƙa zamewa zuwa bugu huɗu da hannunsa ya saba. Ta ce ya tashi daga kujera. Ta jera su suna zagaya ɗakin, taku uku gajeru, na huɗu dogo, har ƙafa ta kama abin da kai ya kasa. A wani rukunin, ɗan Masar ya rera sautin da ya faɗa tsakanin maɓallai biyu na fiyano. Aka yi tsammanin kuskure ne, alhali daidai yake a maƙam, wato tsarin jera sautuka na kiɗan Larabawa. Fiyano ce ba ta da shi, don sauti 12 kaɗai take da su kafin su maimaita kansu. Mai goge ce ta lalubo shi da yatsa, ya gyaɗa mata kai.

Matsala ba ta rasuwa. Akwai mai laɓewa bayan 'yan uwansa ya ci maki a ɓagas, akwai gwanin da ke son ƙwace komai. Akwai kuma waɗanda, saboda addini ko tarbiyya, ba sa son kaɗa wani abu ko rerawa a bainar jama'a. Ba a tilasta musu, kuma haka ya dace: wani ya rubuta baitoci, wata ta ɗauki aikin naɗar sauti da tace shi.

Game da maki, na ba malamar shawarar a ware wani kaso ga koyarwar kanta, ta kuma amince. Ranar gabatarwa, kowane ɗalibi zai koma gefe ya yi shiru, 'yan rukuninsa su rera baitin da ya koya musu ba tare da shi ba. Da zango mai zuwa za mu fara.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Turai