Yinin da na yi a gidan gem a bayan garin Chicago

Taron da ya kai ni Amurka kwana uku ne kawai, kuma ba labarinsa zan bayar ba. Ranar Asabar da aka sallame mu na shiga jirgin ƙasa daga tashar Union da ke Chicago zuwa Brookfield, wata unguwar bayan gari da aka fi sani da gidan namun dajinta. Ni kuwa abin da ya kai ni shi ne Galloping Ghost da ke kan titin Ogden, gidan gem ɗin da aka buɗe a 2010 domin tattara tsofaffin injinan wasa da zamani ya yi watsi da su.

A bakin ƙofa aka ce in ba da dala 25, sai na tsaya ina juya ta zuwa naira har mai karɓar kuɗin ta zaci ban ji ta ba. Amma da zarar ka biya, shi ke nan, wasa sai ka gaji. Injina ne ɗaruruwa, kowanne ya kai tsayin mutum, an jera su lungu-lungu kamar layin 'yan atamfa a Kantin Kwari, ga duhu-duhu, ga ƙara ta ko'ina. Na ga Pac-Man na 1980, na ga Street Fighter II na 1991, fentin jikinsu duk ya goge a daidai inda tafin hannu ke sauka.

Wani dattijo mai furfura ya nuna mini ramin da ake jefa sulen senti 25 a da, ya ce a ƙuruciyarsa in kana jiran layi sai ka ɗora sulenka a gefen gilashin, kowa ya san kai ne na gaba, kuma irin waɗannan gidaje sun yi ta rufewa ne tun da na'urorin wasa suka shiga ɗakunan mutane. Nan take na tuna shagon unguwarmu a Kano, mai benci ɗaya da talabijin ɗaya da na'urar wasa ta Sega, inda wanda ya ci yake zama, kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa sai an yi rigima kan kuɗi. Mu ƙarfi ne yake ba mutum layi. Nasu tsarin ya fi namu ladabi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wasan faɗan nan Mortal Kombat, wanda na girma ina zaton daga Chaina ya fito, ashe kamfanin Midway ne ya yi shi a nan Chicago a 1992, kuma hotunan mutane na gaskiya aka ɗauka aka saka a ciki. Dattijon ya lallasa ni sau uku a jere, domin hannuna bai saba da sandar injin ba, sannan ya saya mini lemo don in huce.

Sanyi ne ya koro ni zuwa tasha da magariba. Washegari na haɗa kaya, Litinin muka taso, babban yatsana na dama yana ciwo har Abuja.