Soso ɗaya ya ja mini gyaran bonet

Har yau idan na fito daga masallacin Juma'a na hango bonet ɗin motata a cikin rana, sai raina ya ɗan sosu. An riga an gyara shi, ba wanda zai lura da komai. Ni dai na san abin da na yi masa da hannuna, alhali maganin abin yana cikin but ɗin motar a ƙulle cikin leda.

Baƙar Corolla ce, kuma duk mai baƙar mota a Kano ya san yadda hunturu yake barin ta: ta dusashe, ta koma kamar gawayin da toka ta rufe. Da hazo ya ɗauke sai na ce bari in goge ta da kaina. Na sayo kwalbar folish da fakitin soson nan zagayayye mai ruwan ɗorawa, guda shida a ciki. Na zaro ɗaya, biyar na mayar but, wai na ajiye saboda gaba. Kuɗin fakitin gaba ɗaya bai kai na man da nake ƙonawa a kwana biyu ba, amma a kansa na yi rowa.

Wanki ya tafi daidai, ba sai na tsaya a kansa ba. Na fara guga daga ƙofar direba, saboda can inuwar darbejiya take. Na bi ƙofar har ƙasa, wajen da taya ke watso ƙasa da kwalta. Kafin in gama ɓangaren, fuskar soson ta yi baƙi ƙirin, ni kuwa har murna nake yi, wai dauɗa tana fita. Da ya fara kamewa sai in ƙara masa folish. Sau ɗaya ma ya suɓuce ya faɗi ƙasa, na ɗauka na kaɗe shi a jikin wando na ci gaba. Bonet na bari a ƙarshe don in ba shi haƙƙinsa, na danna da iya ƙarfina, da wannan soson dai da ya zagaye mota kaf. Da magariba tana ta ƙyalli, har uwargida ta fito ta ce kamar sabuwa.

Washegari da hantsi na ga aika-aikar. Duk inda rana ta sauka a bonet, sai siraran zane a zagaye kamar yanar gizo-gizo, ga wasu dogaye guda uku da ke nan ko a inuwa. Ƙofar direba, inda soson yake sabo, lafiya lau.

Mai fentin da na kai wa dattijo ne. Ya shafa wurin da bayan yatsa ya ce, "Alhaji, soso nawa ka yi aiki da shi?" Na ce ɗaya, Baba. Ya yi dariya har ya kira yaronsa ya zo ya ji.

Shi ya warware mini abin. Fentin motocin yanzu akwai wata fata marar launi a samansa, wadda suke kira kiliya, kaurinta bai kai na silin gashin kai ba. Folish kuwa kankare ta yake yi kaɗan-kaɗan. Abin da ya kankaro ba ɓacewa yake ba, cikin ƙofofin soson yake shiga, ya haɗu da busasshen folish ya daskare. Daga nan soson ya daina aiki, sai jan datti. Baƙin da nake wa murna ba fenti ba ne, tun da kiliya ba ta da launi; kwalta ce da ƙurar birki da ƙasar da na kwaso daga gindin ƙofa. Ƙurar hunturu kuma akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, wanda ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Wato takardar sanfefa na haɗa da hannuna na bi bonet da ita. (Tsofaffin motoci irin su Fijo 504, waɗanda fentinsu bai da kiliya, su kam launin motar ne da kansa yake fita a soso, kuma sun fi saurin cika shi.)

Ya cire zanen da inji, sai dai ya gaya mini gaskiya: kiliyar da aka ci ba ta dawowa. Wannan ya fi kuɗin aikin yi mini ciwo. Yana cikin aiki na buɗe but zan ɗauko ruwa, sai ga biyar ɗin nan a ledarsu, ko buɗe su ba a yi ba.

Yanzu shida nake ware wa folish. Bonet da nasa, kuma da shi nake farawa. Rufi da murfin but su raba ɗaya. Kowane gefe ɗaya, amma daga tsakiyar ƙofa zuwa sama kawai. Bamba gaba da baya ɗaya. Na shidan shi ne na ƙasan ƙofofi, na yi masa alama da biro, ba ya taɓa hawa sama ko da an wanke shi. Idan zan shafa wakis, wato kakin da ake bi da shi bayan folish don kare fenti, wasu biyu ne daban waɗanda folish bai taɓa su ba. Mai Sienna ko Hilux ya tanadi takwas. Ban ce shida doka ba ce. Abin da nake yi shi ne duba fuskar soson bayan kowane ɗan fili kamar faɗin dardumar salla a ninke. Idan ta yi santsi, ko na matsa da babban yatsa na ji danƙo, ya gama nasa, ko da ban kai ƙarshen ƙofar ba. Wanda ya faɗi ƙasa kuwa ba kaɗewa, ba hurawa, bokiti ya nufa.

Wani abokina ya ce ai juya soson ake yi, ɗaya ya zama biyu. Na gwada. Bayan nasa ya riga ya sha gumin hannu da duk abin da yatsu suka taɓa, ban sake ba. Wankewa a tsakiyar aiki ma bai yi mini ba, domin jiƙaƙƙen soso tsinka folish yake yi. Sai na gama nake jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, in matse a hankali ban da murɗawa, in shanya su a cikin ɗaki, ba a igiyar tsakar gida ba inda ƙura za ta sake samun su.

Wancan na farkon ban yar da shi ba. Yana nan a gareji, tayoyi yake gogewa.