Dattijon da na ce maleriya ce ke damunsa

Yau na miƙa makullan ɗakin magani, bayan shekara 11 ina aikin jinya a sashen gaggawa. Abokan aiki sun ce in bar wa sababbin zuwa wani abu a rubuce. Na zauna da niyyar faɗin abubuwa da yawa, amma duk inda na juya sai tunanina ya koma kan wani dattijo guda.

Da rana tsaka aka kawo shi, a makon da zafi ya ƙi sauka ko da daddare. 'Yarsa ce ta riƙo shi, yana ta sambatu, bai san inda yake ba. Na auna zafin jikinsa, ya haura digiri 40. Fatarsa a bushe ƙamas, kamar bangon da rana ta wuni tana duka. Na yi masa gwajin maleriya, layi na biyu, mai nuna akwai ƙwayar cutar, ya fito dishi-dishi. Daga nan ban ƙara tunanin komai ba. Na kira likita ta waya na ce maleriya ce ta taɓa ƙwaƙwalwa, ya ce a fara allura. Na haɗa masa da farasitamol, na kwantar da shi a gadon kusa da bango. Babu wuta, fanka a tsaye.

'Yar ta biyo ni ta ce, "Sista, Baba fa tun safe yake kwance a ɗaki, ɗakin kamar tanda, kuma kwana biyu ke nan bai cika shan ruwa ba." Ta miƙo mini ledar magungunansa na hawan jini. Na karɓa na ajiye a kan tebur ban buɗe ba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, allura za ta yi aiki. Awa biyu, awa huɗu, zafin yana nan. Kafin gari ya waye ya cika.

Sai da safe na buɗe ledar. A ciki akwai ƙwayar da ke sa yawan fitsari, wadda ke ƙara ƙarar da ruwan jiki. Tsoho, ɗaki mai zafi, ƙarancin ruwa, ga wannan ƙwaya. Bugun zafi ne, kuma duk alamominsa suna gabana. A wuraren da maleriya ta yi yawa, manya da dama suna yawo da ƙwayar cutar a jininsu ba tare da ta kwantar da su ba, don haka fitowar layin ba ta nufin ita ce ta kayar da shi. Farasitamol kuwa ba ya taɓa bugun zafi, domin ba zazzaɓin cuta ba ne, jiki ne ya kasa fitar da zafin da ya tara. Abin da yake bukata tun a mintocin farko shi ne a cire masa kaya, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a yi ta yi masa fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Bokiti da ruwa dai muna da su.

Na je wurin shugaban sashenmu na ce, "Ranka ya daɗe, ina son a gyara abin da aka rubuta a littafin mace-mace. Zafi ne ya kashe shi, kuma ni ce ban gane ba." Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ke nas ce ko mai hasashen yanayi? Gwaji ya nuna maleriya, magana ta ƙare." A taron ƙarshen wata kuma ya ce wa mutane ina kawo musu abin da na karanto a intanet. Kuskurena na ɗauka, har gobe ina ɗauke da shi. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne a hana ni ko da rubuta shi daidai, alhali wani zai iya tsira da wannan rubutun.

Haka zafi yake kisa, da sunan wata cuta: bugun zuciya, ciwon ƙoda, maleriya. Ko mutum fiye da 70,000 da zafin 2003 ya kashe a Turai, sai da aka kwatanta mace-macen wannan lokacin da na shekarun baya kafin a ga yawansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa daga 2030 zuwa 2050 sauyin yanayi zai riƙa jawo ƙarin mutuwar kusan mutum 250,000 duk shekara, ta hanyar tamowa da maleriya da gudawa da zafi. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa zafi. Idan littattafanmu ba su nuna zafi ba, babu wanda zai ware masa ko fanka guda.

Sauran abubuwan gajeru ne. Kada ku dogara da kalandar cututtuka ta shekarun baya, damina ta daina kiyaye ta. Idan an yi ambaliya, gudawa ce ke fara zuwa, maleriya ta biyo bayan makonni, don haka a nemi magani tun ruwa bai janye ba. A Pakistan, ambaliyar 2022 ta kai masu maleriya daga kusan 500,000 zuwa miliyan 2.6 cikin shekara guda. Ku riƙa auna zafin ɗakin magani, domin kwalaye da yawa an rubuta kada a ajiye su a zafin da ya haura digiri 30. Kuma idan ɗan'uwan maras lafiya ya miƙo muku leda, ku buɗe ta a gabansa.

Bokiti biyu da tawul shida da ke bakin ƙofar sashen, da kuɗina na saya, ba wanda ya ba ni izini. Mun yi amfani da su a kan mutane da dama, yawancinsu sun fita da ƙafafunsu. Don Allah kada a mayar da su na gogar ƙasa.

Kwanakin baya na haɗu da 'yar dattijon a bakin asibiti. Ta riƙe hannuna ta ce, "Sista, Allah ya saka da alheri, kun yi iya ƙoƙarinku a kan Baba." Na ce amin. Ban iya faɗa mata ba. A littafin kuma har yau maleriya aka rubuta.