Kafin wanzami ya ɗauki aska

Gwiwata ta dama ta daina miƙewa tun ina saurayi. A Jega kowa cewa yake sanyin ƙashi ne. Aka yi ta yi min ƙaho, mai kemis yana ɗura min diclofenac, ashe duka biyun ƙara zubar jinin suke yi. Sai da aka cire min haƙori jini ya kwana uku bai tsaya ba, aka tura ni Sakkwato. Can gwaji ya nuna himofiliya ce: jinina ba shi da isasshen sinadarin daskarewa, wanda likitoci ke kira fakta 8. Jinin da ke taruwa cikin gwiwar shi ya cinye ta. A nan Inna ta tuna wuyar da aka sha ranar kaciyata, da ƙanenta da ya rasu a tasa.

Noma ya gagare ni. Neman aure ma sai da ya tsaya cak, don an gaya wa surukaina 'ya'yana maza za su gada. Ba haka ba ne. Ɗa namiji ba ya ɗauka daga uba. 'Ya'ya mata ne ke ɗauka, su iya ba nasu 'ya'yan.

Ni da wani malamin asibiti muka tara jama'a ranar 17 ga Afrilu, ranar himofiliya ta duniya. Mun yi dogon bayani, an sha lemo, an watse. Ban ga abin da ya canza ba.

Sai na tafi wurin sarkin aska, na durƙusa da ƙafa ɗaya, ita ce ke lanƙwasuwa.

"Baba, kun taɓa yi wa yaro kaciya jini ya ƙi tsayawa?"

Ya daɗe bai tanka ba. "Ɗana, wane wanzami ne bai gani ba?"

Abu ɗaya na roƙa: kafin kaciya ko cire belu, a tambayi uwa ko a danginta akwai namijin da jininsa ke wuyar tsayawa. In akwai, a ajiye aska a tafi gwaji. Masu kemis kuma na ce su bar asfirin da allurar tsoka ga irinmu, farasitamol ya isa.

Da hunturun bana wani wanzami ya aiko min yaro da kakarsa. Ni na raka su tasha.